Nasihar Juma'a: Kuɗin Leda

Tun da wasu masu shago suka fara karɓar kuɗin leda, cacar baki ta yawaita: "Haba Alhaji, ledar ma sai na biya?"

'Yan'uwa, da kuɗinsa ya saro ta, don haka sayar da ita halal ne. Amma ya faɗa kafin ya ƙulla kaya, domin ciniki sai da yardar juna. Mai saye kuma ya riƙo jaka ko kwando daga gida. Ledar da muke yarwa ita ke toshe kwata da damina, ita awakinmu ke haɗiya su mutu. Legas ma ta hana siraran ledoji tun Yulin 2025.

Kada abin da iska ke ɗauka ya raba mu da maƙwabci. Allah Ya sa mu dace, amin.