Mota ko karatu? Nasihar wannan Juma'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

A makon jiya, bayan sallar Isha'i, wani ɗan'uwanmu ya tsaya sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da tambaya. Ya yarda mu kawo maganar a wannan takarda muddin ba a ambaci sunansa ba, don mun san ba shi kaɗai take damu ba.

Ga yadda abin yake. Ya yi digirinsa na farko a Kano, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai ya bi kawunsa zuwa kasuwar Mile 12 yana sayar da albasa. Allah ya sa wa abin albarka. Ya yi shekaru yana zubin adashi har ya sayi mota 'yar Kwatano. Da ita aka ɗauko amaryarsa, da ita ya kai mahaifiyarsa asibiti cikin dare, da ita yake zuwa gida duk babbar Sallah. Yanzu kuma ya sami gurbin digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi a Jami'ar Legas da ke Akoka. Kuɗin makaranta, da na littattafai, da gurbin da rashin zamansa a rumfa zai bari, duk ba zai iya da su ba sai ya sayar da motar. Ya ce: "Malam, wallahi duk sanda na ɗauki makullin zan kai wa dillali, sai hannuna ya yi sanyi."

To, ba mu yi masa dariya ba, kuma kada kowa ya yi. Son abin hawa ba laifi ba ne. A farkon Suratun Nahli Allah ya lissafa dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominsa, ya ambaci hawansu, ya kuma ambaci adonsu. Kun ga ashe abin hawa fuska biyu gare shi: akwai amfani, akwai ado. Tambayar farko da muka yi masa ke nan: motar nan, ita take ciyar da gidanka, ko gidanka ne yake ciyar da ita?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin maganar. Idan da mota ce da yake haya da ita, ko yake ɗauko kaya daga Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, da mun ce masa ya dakata. Ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne a wuyansa, shi kuwa digiri na biyu alheri ne amma bai kai wajibi ba, kuma ba a rushe wajibi don a gina abin da yake ƙari. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta rashin lafiya ya so ya yi wasiyya da kashi biyu bisa uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) bai yarda ba sai da aka sauko zuwa sulusi, ya kuma nuna masa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Idan sadaka ma an sa mata iyaka saboda iyali, ina ga kuɗin makaranta?

Amma da muka ɗauko biro da takarda, sai ga wata magana daban. Albasarsa a manyan motoci take zuwa daga Arewa, ba a bayan motarsa ba. Kasuwa kuwa sau da yawa a danfo yake zuwa, don gudun cunkoso da rashin wurin ajiyewa. Kowa ya san abin da ya faru tun 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai: litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Ga sabunta takardu, ga bakanike, ga kayan gyara a Ladipo da kullum sai sun ƙara kuɗi. Da ya haɗa lissafin shekara sai ya yi shiru. Can ya ce: "Ashe ni nake yi mata bauta."

Sai muka ce, to me ya rage? Ya sunkuyar da kai ya ce: "Me mutane za su ce? Za a ce na karye."

Jama'a, a nan ne maganar ta bar shi ta dawo kanmu. Su waye mutanen? Ai mu ne. Mu ne muke duban makullin da ke hannun mutum kafin mu matsa masa a tabarma. Mu ne idan muka ga wanda ya saba zuwa Juma'a a mota ya sauko daga Keke Napep, sai a fara raɗa: "Wane fa ƙasa ta ja shi." Mu ne idan an zo neman auren 'yarmu muke tambayar abin da yake hawa kafin mu tambayi abin da ya sani. Rabin nauyin da ya sanyaya hannun wannan bawan Allah, bakunanmu ne suka ɗora masa. Mu ji tsoron Allah.

Magabata ba haka suke auna mutum ba. Jabiru ɗan Abdullahi ya ji labarin hadisi ɗaya yana wurin Abdullahi ɗan Unaisu, sai ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji shi daga bakinsa. A wurinsa abin hawa bawan ilimi ne. Imamu Malik kuma, wanda mazhabarsa muke bi, an ruwaito cewa neman ilimi ya kai shi ga kwance rufin ɗakinsa ya sayar da itacen. Yau wa yake tuna rufin? Amma Muwaɗɗa har gobe ana karanta ta a zaurukanmu. Sannan ga Abu Ɗalha, da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka a kan ciyar da abin da rai ke so, ya miƙa Bairuha'u, gonar da ya fi ƙauna cikin dukiyarsa. Ba mu ce sayar da mota don karatun kai daidai yake da wannan sadaka ba. Darasin shi ne, mumini ya riƙe dukiya a hannu, kada ta shige masa zuciya har ya kasa sakinta ranar da ya kamata.

Mu dubi kanmu a nan Agege. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 iyayenmu suke saukowa neman goro da fataucin shanu, suka kafa Zango, suka gina masallatai. Sun bar mana kasuwa. Amma har yau, idan takardar haraji ta zo, ko an riƙe kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, ko magana ta kai kotu, sai mu shiga neman wanda zai karanta mana, mu biya, wani lokaci ma a cuce mu. Yaronmu da ya san lissafin kuɗi da dokar haraji, ya kuma san yadda ake cinikin buhu a rumfa, ba kansa kaɗai zai amfana ba.

Duk da haka ba mu ɓoye masa gaskiya ba. Akwai masu digiri na biyu da yawa da ke yawo da takardu babu aiki. Takarda ba ta ba da arziki, Allah ke bayarwa. In don a kira shi da wani laƙabi zai yi, to ya sayar da ado ya sayi ado ke nan, ba riba. In kuwa don ya iya abin da zai amfane shi ya amfani jama'a ne, to ya gyara niyya ya shiga.

Ga sharuɗɗan da muka ba shi, kuma muna ba duk mai irin wannan hali. Na farko, ya zauna da maiɗakinsa, domin ita za ta riƙe yara a cikin danfo, kuma shawara ɗaukar ɗaki ce. Na biyu, kafin ya biya makaranta ko sisi, ya ware kuɗin hayar gida na shekara, don mun san masu gidaje a Legas ba sa jira. Na uku, kada ya ce zai riƙe motar ya ci bashin ruwa, ko na banki ko na manhajojin waya masu tona asirin mutum ga duk lambar da ke wayarsa. Riba haramun ce, ba a neman ilimi mai albarka ta ƙofarta. Na huɗu, in zai sayar, ya faɗi aibinta, kada a taɓa lissafin tafiyarta, kada a ɓoye haɗarin da ta taɓa yi, a kuma canja takardun mallaka. Na biyar, ya sani motar hawa ba ta da zakka, amma in ta zama kuɗi suka kai nisabi shekara ta zagayo suna hannunsa, to akwai ɗaya bisa arba'in. Bayan duk wannan ya yi raka'a biyu na istihara, ya bar wa Allah zaɓi.

Hukuncin nasa ne, ba namu ba. Namu shi ne, in mun gan shi gobe a tashar jirgin ƙasa ta Agege da jakar littattafai, mu yi masa fatan alheri. Mai mota ya rage masa hanya. Maƙwabcinsa a kasuwa ya duba masa rumfa ranar jarrabawa. Masu hali kuma su tuna bashi mai kyau, wanda ba ruwa a cikinsa, ibada ce. Duk wanda ya san wani ɗalibi, namiji ko mace, da karatu ya tsaya masa saboda kuɗi, ya sami kwamitin masallaci bayan salla, za a rufa asiri.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, ya sa dukiya a hannunmu ba a zuciyarmu ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya shirya zuriyarmu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da Legas da Arewa da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.