Kada Ka Bi Faifai, Dubi Ƙirji

Karatu: Joshuwa 9:3-15, Afisawa 6:10-13

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin ana wasan hoki a kan ƙanƙara, inda ake tura ɗan baƙin faifan roba da sanda zuwa raga. Gwanin ɗan wasa yakan kaɗa faifan hagu, ya karkata kafaɗa, mai tsaro ya bi, shi kuwa ya wuce ta dama. A wasan ƙarshe na Olamfik na 1994 a Lillehammer, Peter Forsberg na Suwidin ya ja golan Kanada gefe guda, sannan ya zura faifan ta ɗaya gefen da hannu ɗaya. Suwidin ta ci zinariya, har aka buga hoton a kan sarki.

Shi ya sa masu horarwa ke gaya wa ’yan baya su zuba ido a ƙirjin mai zuwa. Sanda da kai suna iya ruɗi, amma inda ƙirji ya nufa, can jiki za shi.

Haka Shaiɗan yake yi da ’ya’yan Allah. Gibeyonawa sun zo wa Joshuwa da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga nesa suke. Shugabannin Isra’ila suka duba guzurin, ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse. Bayan kwana uku suka gane ashe maƙwabta ne, alkawari kuwa ya riga ya ɗaure su.

Me ake kaɗa maka a gaban ido yau? Ribar da za ta ninka cikin mako guda? Mai neman aurenki da ke da baki mai daɗi, amma ba ya son jin zancen Yesu? Annabin da ke cewa sai ka biya kafin ya yi maka addu’a? Kada ka yi saurin amsawa. Golan da ya riga faɗuwa shi ake ci. Ka tambaya: ina wannan abu zai kai ni? Ka gwada shi da Maganar Allah, ka durƙusa, ka jira Ruhu Mai Tsarki ya yi magana kafin ka sa hannu.

Addu’a: Ya Uba, ka buɗe idanuna in gane dabarun magabci. Ka hana ni gaggawa, ka koya mini tambayarka tukuna. Cikin sunan Yesu, Amin.