Shin Ɗakin Ibada Zai Iya Zama Lokeshan?

A shekarar 2005 masu shirya fim ɗin The Da Vinci Code su ka nemi izinin ɗaukar wani ɓangare a majami'ar Westminster da ke Landan. Shugabannin ta su ka ce a kai kasuwa, domin labarin ya ci karo da aƙidar su. Sai 'yan fim su ka nufi babbar majami'ar Lincoln, ita kuwa ta buɗe masu ƙofa, ta karɓi kuɗin da aka ruwaito sun kai fam 100,000. Addini ɗaya, ƙasa ɗaya, amsa biyu.

To mai karatu, mu dawo gida. A ce gobe wani furodusa ya sauka Dutse, ya ɗauki duwatsun garin da ƙofar fadar Sarki a Garu, sannan ya ce saura cikin masallacin Juma'a, kuma zai ba da gudunmawar gyaran rufi. A ba shi ko a hana?

Wani zai ce ai kyamara ta daɗe da shiga masallaci, tunda duk azumi ana ɗaukar tafsiri. Gaskiya ne. Amma mai ɗaukar tafsiri ya tarar da ibada ce ana yi, ya ɗauka. Shi kuwa darakta shirya ta ya ke yi. Ya tsayar da ɗan wasa a matsayin liman, ya ce ya yi kabbara, in haske bai yi ba ya ce a yanke a sake. Sujadar da ake maimaitawa don kyamara, wa aka yi wa?

Wannan ba ƙyamar fim ba ce. Kwaikwayo sana'a ce, kuma ya kan gyara tarbiyya. Sai dai masallaci shi ne wurin da aka keɓe don aikin da ba a yi domin idon mutane, fim kuwa kacokan domin idon mutane ake yin sa.

Mustafa Akkad ya nuna mafita a fim ɗin sa The Message na 1976, inda ya gina kwatankwacin garin Makka a Maroko da Libiya. Furodusan mu ma zai iya kafa zaure ya shimfiɗa tabarmi. Kuɗin gyaran rufin kuwa, in don Allah ne, ya bayar ko ba a ba shi lokeshan ba.