Influenza: Cutar da Aka Ɗora wa Taurari

Influenza kalma ce ta Ingilishi da ake kiran mura mai tsanani da ita, wadda ke zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da tari, ta kwantar da rabin gari cikin 'yan makonni. Turawan Ingila aro ta suka yi daga Italiyanci. A bakin mutanen Italiya ma'anarta ta farko ita ce tasiri, kuma har yau da ita suke faɗin tasirin da wani ke da shi a kan wani, da ita kuma suke kiran cutar. Tushenta Latin ne, daga aikatau mai nufin kwarara cikin wani abu. Abin da ake ganin yana kwararowar kuwa wani ƙarfi ne da ido ba ya gani, wanda malaman Turai na wancan zamani suka yarda yana saukowa daga taurari, ya shiga iska, ya ratsa jikin mutum.

Tun farkon ƙarni na 16 Italiyawa ke kiran ɓarkewar cututtuka iri-iri da wannan suna, duk wadda ta faɗa wa jama'a gaba ɗaya. A 1743 wata annobar mura ta tashi daga Italiya ta bazu a Turai, labarinta ya isa Landan tare da sunanta, sunan kuma ya zauna. Ingilishi yana da 'yar'uwar kalmar tun ƙarni na 14, wato influence, wadda ta shigo ta hanyar Faransanci ita ma da ma'anar tasirin taurari. Sai harshen ya raba musu aiki: tsohuwar ta riƙe tasiri, baƙuwar ta riƙe cuta.

Wanda ya ji wannan tarihi yau zai iya ɗaukarsa camfin jahilai, amma a lokacinsa ilimin jami'a ne. Matsalar da likitoci ke fuskanta ta gaske ce. Idan mutum ɗaya ya kwanta, ana iya tuhumar abincinsa ko yanayin jikinsa. Idan dubbai suka kwanta a mako guda, attajiri da almajiri, a garuruwan da ke nesa da juna, dole sababin ya zama abin da ya game kowa. Iska ta game kowa, sama kuma ta lulluɓe kowa. Ga shi ana gani da ido rana na juya damina da rani, wata na ja da ruwan teku. Sai aka yi ƙiyasi cewa sauran taurari ma suna da nasu aikin. Batlamus na Iskandariyya ya tsara wannan tunani a ƙarni na 2, Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, ya faɗaɗa shi a Bagadaza, aka fassara littafinsa zuwa Latin a ƙarni na 12. A jami'o'in Italiya irin su Bolonya, ɗalibin likitanci sai ya karanci taurari, domin da su ake tsayar da ranar yin ƙaho da ranar ba da magani. Lokacin da Baƙar Annoba ta afka wa Turai, Sarki Filib na Shida na Faransa ya nemi bayani daga malaman likitanci na Paris. A rahotonsu na 1348 sun ce sababi na nesa shi ne haɗuwar Zuhalu da Mushtari da Mirriku a burujin Dalwu cikin Maris na 1345, wadda ta gurɓata iska, gurɓatacciyar iskar kuma ita ce sababi na kusa.

A nan addini ya shigo, kuma tambayarsa ta sha bamban da ta likita. Likita yana tambayar ko taurari na sa ciwo. Malamin addini yana tambayar abin da ya rage wa Allah da abin da ya rage wa mutum idan har suna sawa. In tauraro ne ya rubuta ranar ciwo, me zai hana a ce shi ya rubuta ranar sata da ranar tuba? In haka ne kuwa, hisabi ba shi da sauran ma'ana.

Kiristocin Yamma sun gaji ƙin wannan ilimi daga malamin Coci Agustin, wanda ya kafa hujja da tagwaye: ana haihuwarsu kusan a sa'a ɗaya ƙarƙashin sama ɗaya, rayuwarsu ta rabu, kamar Yakubu da Isuwa. Toma Akwinas, ɗan Italiya da ya rasu a 1274, ya yi sulhun da ya daɗe yana aiki. A wurinsa taurari jikkuna ne, don haka suna iya taɓa jiki, amma hankali da nufi ba jiki ba ne, ba su da iko a kansu kai tsaye. Mai ilimin taurari yakan dace a hasashensa ne saboda yawancin mutane suna bin sha'awar jikinsu, wanda ya yi yaƙi da ransa kuma ya fita daga lissafin. Ƙetare wannan iyaka na da tsada. A 1327 an ƙone Cecco d'Ascoli, tsohon malamin taurari na Bolonya, a birnin Florens bisa tuhumar bidi'a. A 1586 Fafaroma Sistus na Biyar ya haramta duban makomar mutane da taurari, amma ya bar abin da ya shafi noma da tuƙin jirgin ruwa da magani. Irin wannan togiya ta ba kalmar influenza wurin zama: ɗora annoba a kan taurari ya faɗa ɓangaren da Coci ya halatta, don haka likita mai tsoron Allah yana iya faɗinta ba tare da fargaba ba.

Musulunci ya gamu da tambayar tun da wuri, ta ƙofar ruwan sama. Larabawan wancan zamani suna danganta ruwa da faɗuwar wasu taurari da fitowar wasu. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da safe Annabi (SAW) ya bayyana cewa wanda ya danganta ruwan ga falalar Allah ya yi imani, wanda ya danganta shi ga tauraro ya kafirta. Haka kuma ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abubuwan biyu, ya kore wannan haɗin. Daga nan malamai suka raba ilimin taurari gida biyu. Akwai sanin tafiyarsu, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shigar yanayi da shi, wannan halal ne, wani sa'in ma wajibi. Akwai kuma da'awar cewa suna da iko a kan abin da ke faruwa a ƙasa, wanda suka kira ilimin ta'asiri suka hana. Daga wannan kalma ta Larabci Hausa ta samo tasiri, wadda ita ce daidai ma'anar influenza. Manomin da ke lissafin taurarin damina don ya san lokacin shuka yana ɓangare na farko, mai zuwa wurin ɗan duba a faɗa masa ranar sa'arsa yana na biyu.

Masana falsafa na Musulmi sun tura maganar gaba da taurari, zuwa ga sababi shi kansa. Ibnu Sina ya yarda sammai suna aiki a kan abin da ke ƙarƙashinsu, amma ya ƙi yarda cewa mai duba na iya sanin wannan aiki dalla-dalla har ya yi hasashe da shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sare gindin batun. Ya kawo misalin wuta da auduga: abin da ido ke gani shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta, ido bai taɓa ganin cewa wutar ce ta wajabta ƙonewar ba. Allah ne ke halitta ƙonewar bisa al'adar da Ya gudanar. Ibnu Rushd ya mayar da martani cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Saɓanin nasu bai mutu ba, amma a kan taurari maganar Gazali ta yi cizo sosai, domin duk abin da mai taurari ya mallaka shi ne abu biyu sun zo tare. Ibnu Khaldun, wanda annobar 1348 ta ɗauke iyayensa a Tunis, ya ware fasali a Muƙaddima yana rushe wannan sana'a. Cikin hujjojinsa akwai cewa wasu zagayen taurari suna da tsawon da ran mutum ba ya isa a gwada su sau da yawa, balle a kafa hukunci. Shi ya ɗora annoba a kan lalacewar iska saboda cunkoson birane. Bai dace ba shi ma, amma ya sauko da binciken daga sama zuwa unguwa, inda ake iya dubawa.

A Italiya ma an bi wannan hanya sannu a hankali. Pico della Mirandola ya rubuta babban raddi ga masu duba da taurari, aka buga shi a 1496 bayan rasuwarsa. A 1546 Girolamo Fracastoro, likitan Verona, ya bayyana cewa cuta na yaɗuwa ta wasu ƙananan iri da ke tashi daga mutum zuwa mutum, ta taɓawa ko ta tufafi ko ta iska, ko da yake shi ma bai sallami taurari gaba ɗaya ba. Wasu suka karkatar da kalmar suka ce tasirin sanyi ake nufi, wanda ya fi kusa da abin da kowa ke gani, tunda a Turai cutar da hunturu take zuwa.

Amsar da ta tsaya ta zo a makare, kuma sai da aka yi tuntuɓe. A 1892 Richard Pfeiffer a Jamus ya samu wata ƙwayar bakteriya a majinar marasa lafiya ya ce ita ce sababi. Da wannan fahimta likitoci suka shiga annobar 1918, wadda ta kashe mutane miliyoyi da dama a duniya, ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi hanyar dogo da hanyoyin fatake zuwa cikin ƙasa. Sai a 1933 Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka ware ƙwayar bairos ɗin daga mutane a Landan. Ƙwayar Pfeiffer ta fita daga zargi, amma har yau sunanta na kimiyya Haemophilus influenzae. Malaria ma haka take, kalmar Italiyanci ce mai nufin mugunyar iska, ta ci gaba da zama sunan zazzaɓin cizon sauro bayan an gano sauron.

A Ingilishin yau influenza ita ce kalmar asibiti da takardun hukuma, a baka kuwa an gutsure ta zuwa flu tun ƙarni na 19. Likitoci sun keɓe ta ga cutar da ƙwayoyin bairos na rukunin A da B da C da D ke haifarwa, A da B su ne ke kawo annobar shekara-shekara. Jama'a ba su tsaya a nan ba, sukan kira ƙaramar mura ko ɓacin ciki flu, alhali ƙwayoyin daban ne. Hausa ba ta ari kalmar ba, ta faɗaɗa tata: da cutar H5N1 ta ɓulla a gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006, murar tsuntsaye aka kira ta.

Saura tambayar ko mai furta kalmar yana ɗauke da aƙidar da ta haife ta. Imam Shafi'i ya yi bayani a kan hadisin Hudaibiyya da ya shafi wannan. Ya ce wanda ya ambaci tauraro yana nufin shi ne ya saukar da ruwa ya kafirta, wanda kuwa yake nufin an yi ruwa a lokacin fitowar tauraron bai kafirta ba, ko da yake wani lafazin ya fi masa soyuwa. Hukuncin yana bin abin da mai magana ya ƙudurta da abin da masu sauraro suka fahimta. Ma'aikaciyar jinya da ta rubuta influenza a katin mara lafiya ƙwayar cuta take nufi, mai karanta katin ma ita ya fahimta, kuma yawancinsu ba su taɓa jin cewa akwai tauraro a cikin kalmar ba.