Haƙƙin kifin da aka tsare a gilashi

Manomin shinkafa a Matsinkai, can ƙasar Bagudo kusa da iyakar Benin, in aka ce masa akwai masu sayen iska a tukunyar ƙarfe don ciyawa ta yi kyau, dariya zai yi har da riƙe ciki. Shi da ke kwana da lissafin kuɗin cire ciyawa? Amma sana'a ce babba a Japan da Turai: a shuka lambu a cikin akwatin gilashi cike da ruwa, a saki ƙananan kifaye, sannan a riƙa ɗura wa ruwan iskar kabon, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda kuma ke sa lemon kwalba kumfa. Gwanin wannan fage shi ne Takashi Amano, mutumin Niigata, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. A 2015, shekarar da ya mutu, ya shirya wa gidan kifi na Lisbon wani akwati mai tsawon mita 40, mai cin ruwa lita 160,000.

Me ya kawo ɗura iska? Ganye ba ya haɗa abincinsa sai da haske da kabon, ita kuwa kabon tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, ninki kusan 10,000 ƙasa da yadda take yawo a sarari. Ruwan da aka bari haka nan bai cika riƙe ko miligiram 1 a lita ba, masu lambun gilashi kuwa wajen miligiram 30 suke nema. Don haka ake sa tukunya mai kan da ke rage ƙarfin iskar, da 'yar kwalbar ƙirga kumfa, da ɗan farantin yumɓu mai ƙofofi ƙanana da ke farfasa iskar ta narke. A jikin gilashin kuma ana manna wani ɗan kofi mai ruwan gwaji: shuɗi na nufin iska ta yi kaɗan, kore daidai ke nan, rawaya kuwa an wuce gona da iri. Marar hali yakan haɗa sukari da yis a gora don su fitar da iskar, ya ja tiyo zuwa akwatin.

Matsalar ita ce abin da ganye ke so shi ke shaƙe kifi. Kabon in ta yi yawa, kifi ya kasa fitar da ta cikin jininsa, sai a gan shi ya taso sama yana buɗe baki, wani ya kife. Ba iskar wasa ba ce ko ga mutum: daren 21 ga Agustan 1986 ta ɓalle daga tafkin Nyos na Kamaru ta hallaka mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500.

Mutanen Bagudo sun san wannan buɗe bakin na kifi ba tare da sun taɓa ganin lambun gilashi ba. Masuncin Kogin Kwara da ke ajiye kamunsa a baho ya san karfasa ba ta daɗewa, tarwaɗa kuwa takan kai gobe, domin Allah Ya ba ta wata gaɓa a kai da take shaƙar iskar sarari. Mai kiwon kifi a tankin siminti ko tamfol shi ma ya san asuba ce lokacin fargaba. Da dare gansakuka ta daina ba da oksijin, ta koma sha tare da kifin, sai gari ya waye kifaye sun cika saman ruwa.

A nan ne malami ke da ta cewa. Kamun kifi don ci babu mai ja a kai. Tsare rai don sha'awar ido fa? Malamai sun kafa hujja da hadisin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, yaron da ke da ɗan tsuntsun wasa kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Ibn Hajar ya kawo halascin ajiye tsuntsu cikin fa'idojin hadisin a Fathul Bari. Sai dai ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Muhtasar Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu, ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita matuƙar babu makiyaya. Duka ukun hanya ɗaya suka nufa: wanda ya raba dabba da inda take samun abin rayuwa, nauyin ya dawo wuyansa.

Magabata abinci da ruwa suka ambata, don akuyar da aka ɗaure a turke ba ta taɓa rasa iska ba. Kifin gilashi daban yake. Kogi na sauya masa ruwa dare da rana, yana kuma da inda zai gudu in wani lungu ya ɓaci. A akwati babu wajen gudu, numfashinsa na hannun mai murɗa kan tukunya. In illar da ta sa aka hukunta mai kyanwa ita ce tsarewa tare da hana abin rayuwa, da wuya a ce iska ba ta shiga ciki ba. Kuma laifin nan ya fi na sakaci nauyi, saboda mai ƙara kumfa don ganyensa ya yi ja ya yi duhu ba mantuwa ya yi ba, zaɓi ya yi tsakanin ado da rai. Wani zai ce ai shi ma ganyen halitta ce mai tasbihi. Haka ne, amma ganyen da ya rasa kabon jinkirin girma kawai zai yi, ba zai kife ya mutu kafin safe ba.

Saboda haka halascin yana da sharaɗi mai aiki, ba na baki ba: a auna iskar da halin kifi, a rufe ta in an kashe fitilar akwatin. Tukunya mai makunnin lantarki tana rufe kanta in wuta ta ɗauke. Gorar yis ba ta san an ɗauke wuta ba. Fitila ta mutu, famfon ruwa ya tsaya, gorar kuwa tana ta aikinta. A ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, mai irin wannan gora sai ya riƙa zare tiyon da hannunsa kowane dare. Wanda ba zai iya ba yana da mafita a gida: Anubias barteri, tsiron bakin rafuka na kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, wanda ake sayarwa a shagunan kifin ado na duniya, yana rayuwa ba tare da an ɗura masa komai ba, sai dai yakan ɗauki makonni kafin ya fitar da sabon ganye guda.