Ina Hakkin Jama'a A Kan Kamfani?

'Yan'uwa, bari mu fara da tambaya. Idan ɗan kasuwa ya zo Gwarzo ko Kabo da kaka, ya sayi gyaɗarmu da sikelin zamba, sa'an nan ya haƙa mana rijiya a Gammo, za mu ce da shi mutumin kirki? Tambayar ta shafi manyan kamfanoni ma.

Da fari ana ɗaukan alherin attajiri kyauta ce kawai, in ya ga dama ya yi. A Ingila, iyalin Cadbury masu yin cakulan suka mai da masana'antarsu Bournville a 1879, daga baya suka gina wa ma'aikata gidaje masu kyau. Ba wanda ya tilasta musu. A 1953 wani malami a Amurka, Howard Bowen, ya rubuta littafi yana cewa wannan wajibi ne, gama abin da kamfani ya ƙudura yakan taɓa ran dubban mutane waɗanda ba a shawarce su ba.

Mu a ƙasar Kano mun ga haka da idonmu. A 1996, sa'ad da sanƙarau ya ɓarke, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon magani, Trovan, da yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka mutu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 ya yarda ya biya dala miliyan 75. Amma amana ta rigaya ta karye, har wannan ya ƙara wa mutane shakka sa'ad da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003.

Cikin Littafin Firistoci sura 19, an umurci manomi ya bar gefen gonarsa domin matalauta. A sura ɗayan nan kuma an hana riƙe ladan ɗan ƙodago da tauye mudu. Ashe kyauta da gaskiya tare suke tafiya. Hakkin kamfani yana farawa tun wurin neman riba, kafin a kai ga rabonta.

Kai fa, mai tebur, mai injin niƙa, mai ɗaukan 'yan ƙodago? Kada ka ce maganar manya ce. Duba mudunka tukuna, kāna ka kawo baiko.