Haƙƙin Mamaci a Zamanin Annoba

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, ran 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar korona a Yamai. Aka hana matafiya ƙetare iyakoki, ta gadar Malanbil da ta hanyar Kamba. Ran 27 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci, kuma masallatai ba su koma jam'i ba sai 13 ga Mayu. Annobar ta lafa, amma tambayarta tana nan: me hukuma za ta iya ragewa daga jana'izar Musulmi, me kuma ba ta da ikon taɓawa?

Ku sani, Allah Ya yi mana rahama, haƙƙin mamaci huɗu ne: wanka, likkafani, salla da binnewa. Farilla ce ta kifaya; in kaɗan suka tsaya da ita, ta faɗi daga wuyan saura. Saboda haka dokar da ta taƙaita masu rakiya ba ta tauye mamaci da kome ba, domin cikar maƙabarta da jama'a ba sharaɗi ba ne.

Malamanmu na Malikiyya sun buɗe ƙofar sauƙi tun da daɗewa. Cikin Muhtasar na Shehu Halil an halatta barin cuɗawa idan matattu suka yi yawa, an kuma koma ga taimama idan ruwa ya ɓace ko aka ji tsoron lalacewar jiki. Wanda aka binne ba salla, a sallace shi bisa kabarinsa. A kan wannan ne malaman zamani suka yi ƙiyasi, inda likita amintacce ya tabbatar da haɗari ga mai wanka. Ebola ta 2014 ta nuna gaskiyar haɗarin, domin taɓa gawa ya yaɗa cutar a Gini, Saliyo da Laberiya. Kwalara ma, wadda ta taɓa ƙasarmu a 2021, tana bin ruwan wankan gawa.

Amma sauƙi yana da iyaka. A Siri Lanka an tilasta ƙone gawarwakin masu korona, har da Musulmi, daga 2020 zuwa Fabrairu 2021, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun Maris 2020 cewa binnewa ba ta da laifi. A Ingila kuwa, Musulmi da Yahudawa suka tashi tsaye tun dokar tana majalisa, aka gyara ta don a kula da addinin mamaci. Wanda ya yi magana da hujja kafin a sa hannu, ya fi mai jifa bayan an sa.

To, mu mutanen Gaya, da danginmu ke warwatse tsakanin Malanbil da Kamba, ga nasiharmu. Wanda annoba ta ɗauke, a binne shi inda ya cika. Kada son kai shi gida ya sa a ƙetare kogi da gawa cikin dare. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuwa fi mu ƙarancin tawakkali ba. Kada a ɓoye ma likita sanadin mutuwa don jin kunya. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda annoba ta kashe cikin shahidai.

Kuma kowane masallacin Juma'a ya zaɓi masu wanka, maza da mata, su koyi aiki da safar hannu, takunkumi da ruwan jabel wajen ma'aikatan lafiya tun ana zaune lafiya. Mahukunta su ma su zauna da limamai kafin rubuta doka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya jiƙan matattunmu, Ya tsare ƙasarmu daga annoba, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.